Da ruwan ciki aka jan na rijiya, to cikin wa?

Mai Albasa: Salamu alaikum jama'a. Jiya munka yi gardama cikin rumfa nan kasuwar Kara har la'asar ta kusa wuce mu, kan maganar ga da ruwan ciki aka jan na rijiya. Wani yaro mai bin labaran waje shi ya jawo zancen Ingila, lokacin da Liz Truss ta hau firaminista a Satumbar 2022 ta naɗa Kwasi Kwarteng ministan kuɗi, shi ko bai cika sati uku ba ya zabtare haraji na kusan fam biliyan 45. Ni na ce karin maganar ga ta goyi bayan shi, a bar ma ɗan kasuwa kuɗinai shi juya, in ya ƙoshi shi ɗauki yara aiki gwamnati ma ta samu nata daga baya. Ko na yi kuskure?

Malamin Firamare: Alhaji ka juya maganar baibai. Wanda ka jan guga shi aka nufi, kuma a nan gwamnati ce riƙe da igiya. Kwarteng cikinai babu komai ya tafi bakin rijiya, bai faɗi inda zai cike giɓin ba, bashi kawai. Ranar 23 ga wata ya karanta sanarwar rage harajin, ranar 26 fam ta faɗo kusan dala 1.03, ba ta taɓa yin ƙasa haka ba, sai da babban bankinsu ya shigo yana sayen takardun bashin gwamnati don kar kuɗin fansho su rushe. Kwana 38 aka sallame shi, Jeremy Hunt da ya gaje shi ya zo ya soke kusan duka.

Mai Albasa: To Malam ai wannan sauri ne ya haifi nawa, laifin hannun da ya ja ne ba na karin magana ba.

Gwaggon Yara: Ku dai maza da son kai zance nesa. Mu da munka tashi muna jan ruwa, kakata ba ta faɗin wannan sai in za a tura yaro aiki bai karya ba, ma'ana ba shi fura tukun. Kuma shi wancan Kwarteng har harajin kashi 45 na manyan masu kuɗi ya so cirewa, yo wanda cikinai ya riga ya cika ruwan mi za a ƙara mai? Ni dai neman ƙiba na gani an samo rama.

Dattijon Kanwuri: Hajiya ta fi ku kusa. Yadda muka ji ta ga manya, jari ake nufi, kowane iri, ko kuɗi ko ilimi ko mutunci, sai kana da kaɗan kake kai ga mai yawa. Amma kar Malam ya ɗauka duk rage haraji ɓarna ne. Shehu Usmanu da kansa a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan Haɓe, kuma a 1979 Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, talaka ya yi murna. Wannan mai ƙishi aka shayar.

Malamin Firamare: Allah shi ƙara girma Baba, na yarda da rabi. Ko dokar da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe ma wanda samunsa bai wuce naira dubu 800 a shekara ba, harajin VAT na sayen kaya kuma aka bar shi kashi 7.5, sai dai tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da aka yafe maka kuɗin kabu-kabu ya cinye shi kafin ka kai gida.

Mai Albasa: Ni nawa ciwon ma ba wannan ba, rasit nawa aka yanka ma mota guda tun daga gona har ta sauka Kudu, kowane shinge da nashi, kuma ba wanda ka faɗa maka rijiyar da kuɗin ka faɗawa. Baba, akwai karin maganar da ta dace da wannan?

Dattijon Kanwuri: Akwai, amma an kira magariba. Gobe in Allah ya kai mu.