Taƙaitawar shawarwari kan girman taraktar da ta dace da gonakin Maradi

Jama'a, ga abin da na tattara daga doguwar tattaunawar da muka yi, ban ƙara komai nawa ba.

1. Kusan kowa ya yarda cewa irin ƙasa ce ke yanke hukunci kafin faɗin gona. Jigawar Mayahi da Dakoro ba ta buƙatar babban inji, har wasu suka yi gargaɗin cewa huɗa mai zurfi a kan yashi tana ba iska damar kwashe ƙasar sama. Lakar fadamar Gulbin Maradi kuwa, wadda ke daskarewa da rani, tana son ƙarfi.

2. Mai ƙaramin fili a Jiratawa, injin huɗa mai ƙafa biyu ya ishe shi.

3. An rabu kan matsakaiciya da babba. Wasu sun fifita mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson 375, domin ana iya yin haya da ita da jan amalanken gero da gyaɗa bayan girbi. Wasu suka ce gazuwal ɗin da take sha zai cinye ribar mai hekta kaɗan, kuma ba ta iya juyawa tsakanin ƙananan gawo da aka sha wahala aka raina a gona.

4. An yarda kan a sayi wadda makanikan gari suka sani, kuma kayan gyaranta ke samuwa nan ko Kano, don kada ta tsaya ranar ruwan shuka.