Ina tseren kwale-kwale na maza biyu ya shiga?

Ɗan Gaɓa: Jama'a dan Allah me yasa ban ga na mutum biyu ba a Olamfik ɗin Paris? Wanda suke durƙushe suna ratsa ƙofofi (sandunan da ake ratayewa a saman ruwa) a ruwa mai gudu.

Filafili: Ai tun bayan Olamfik ɗin Rio 2016 aka cire shi malam, a Tokyo aka ba mata gurbin, na mutum ɗaya. Su Skantar 'yan Silobakiya ne suka ci zinaren ƙarshe.

Baban Ummi: Wallahi abin ya min ciwo. Tagwayen Hochschorner, su ma 'yan Silobakiya, sun ci zinare uku a jere, 2000, 2004, 2008, a wasan kuwa ka taɓa sandar ƙofa a ƙara maka sakan 2, ka tsallake ƙofa a ƙara maka sakan 50, na baya kuma idonsa na kan kafaɗar na gaba ko'ina.

Ɗan Gaɓa: Jajayen ƙofofin fa yallaɓai?

Baban Ummi: Waɗannan juyowa ake a haura ruwa, nan ƙarfi ke ƙarewa.