Masu haɗa fitila da fawa bank da tsofaffin baturan laftof, ya kuka ƙare?

Ɗan Rikkos: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na samo matattun baturan laftof wajen 'yan jari bola, na fasa, kowanne na tarar da ƙwayoyin batiri 18650 (dogaye zagayayyu, masu ɗaukar caji) guda shida. Ina so in haɗa abin da zai riƙe min fitila da cajin waya idan an ɗauke wuta. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗi abin da ya gani.

Mai Rediyo, Bauchi Road: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka taɓa dalma, ɗauko mitar awon bolt. Batirin laftof ba ya mutuwa gaba ɗaya. Ƙwayoyin nan biyu-biyu aka haɗa su, jeri uku, galibi jeri ɗaya ne ke lalacewa ya ja sauran. Ni duk ƙwayar da na auna ta nuna ƙasa da bolt 2, gefe nake ajiye ta, ba na ko gwada ta. Sauran sai in yi musu caji ɗaya bayan ɗaya da TP4056, ɗan allon cajin nan mai jar wuta da shuɗiya, har su kai bolt 4.2. Ina yi ina taɓawa. Wadda ta ɗau zafi tana caji ta fita. Daga nan in rubuta wa kowacce lambarta a salatif, in bar su mako biyu, in sake aunawa. Mai zubar da caji tana zaune a nan take tona kanta. Yaran yanzu dai wannan jiran ne ba sa so.

Ɗaliba, Unguwar Rogo: Baba ya faɗi gaskiya. Ni na gaji da tsofaffi na je wajen kasuwar Taminus a Jos na sayi sababbi, an rubuta musu 9900mAh, wato yawan cajin da wai suke ɗauka. Fitilar karatuna ko isha'i ba ta kaiwa. Da na ɗora ɗaya a sikelin awon fulawar mamata, ko giram 30 ba ta kai ba, alhali ta gaske tana kai giram 45. Ƙwaya mai wannan girman ba ta wuce wajen 3500mAh, duk abin da ya haura haka fenti ne kawai. Tsohuwar Samsung ko LG ta cikin laftof ta fi su nesa ba kusa ba.

Ɗan Rikkos: To bolt 12 fa? Ina da fanka ta DC.

Injiniyan Bukuru: Jera uku kai da gindi, su ba ka 12.6 a cike, amma sai da BMS na 3S, wato allon kariya na jeri uku, shi ke hana wata ƙwaya wuce 4.2 ko faɗuwa ƙasa sosai. Kuma kar ka haɗa cikakkiya da wadda ba caji gefe da gefe, daidaita su tukuna.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ledar jikinsu. Duk gwangwanin ƙwayar nan nagetif ne, har bakin saman da ke zagaye da fozitif. Wani yaro a shagonmu yana ɓanɓare ƙarfen nikel da ke haɗa ƙwayoyin da filaya, ledar ta yage a wuya, filayar ta haɗa biyun. Tartsatsi, ƙarfe ya yi ja, muka wurga ta cikin yashi. Tun ranar duk wadda ledarta ta yage sai an sake mata riga.

Mai Rediyo, Bauchi Road: Ƙwarai. Kuma dalma kai tsaye a jikin ƙwaya, zafi na cinye ta. In ba ka da injin ɗinke nikel, sayi gidan batiri na roba mai sifirin.

Ɗaliba, Unguwar Rogo: Malam Injiniya, da sanyin Disamba nawa ba sa daɗewa kamar da. Lalacewa ce?

Injiniyan Bukuru: A'a 'yar'uwa, sanyin Jos ne, ƙarfinsu na raguwa, in gari ya yi ɗumi ya dawo. Zafi ne ke kashe su, kar ki bar su a rana ko kusa da risho.

Ɗan Rikkos: Na gode. Na auna yanzu, huɗu sun haura 3.5, biyu na nuna 1.1. Baba, in kawo su shago gobe bayan la'asar?