Malam ya ce infogirafik yake so, mu kuma mun rasa ta inda za mu fara

Ɗalibar Lafiya:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Muna shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya, malaminmu ya raba mu gida-gida, mu shida ne a namu gurup ɗin, ya ba mu kwalara ya ce wannan karon ba ya son rubutu shafi goma da aka kwaso daga intanet aka yi masa bango mai kyau, infogirafik yake so, takarda ɗaya tal, zane da alƙaluma da 'yan kalmomi, kuma kowa sai ya tashi ya yi bayani. Sati biyu ya ba mu. Wallahi sau biyu muna zama a gindin darbejiya bayan lakca ba abin da muka tsinana, ɗaya ya sauke manhajar zane ta Canva ya cusa duk handawut ɗin a ciki har sai ka matse ido kafin ka karanta, biyu kuma tun da aka buɗe gurup na WhatsApp ko slm ba su ce ba. Ta ina ake farawa ne? Kuma dole sai da laftof? Ni waya ce kawai gare ni.

Tsohon Kilas Ref:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Ku rufe Canva ɗin nan tukuna, ku ɗauko biro da fallen takarda. Ku fara yanke wa kuke so ya karanta, malam ne kawai ko kuwa matar da ta kawo yaro asibiti yana amai da gudawa? In ita ce, to ba ruwanta da tarihin ƙwayar cuta, ruwan gishiri da sukari take bukata. Lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ku zana cokula shida a jere, rabin cokali a gefe, sai gorar ruwa, ko wadda ba ta yi boko ba za ta gane. Inda za ku sha rigima shi ne wajen zubar da sauran bayanan, kowa zai ce nasa ne mai muhimmanci, to ku bari a yi rigimar, a nan karatun yake zama a kai. Waya ta isa, mu da ita muka yi namu.

Malamin Kimiyya:
Tun da kwalara aka ba ku ai kun taki sa'a. A 1854 ta ɓarke a unguwar Soho a Landan, ta kashe sama da mutum 600, lokacin har likitoci sun ɗauka iska mai wari ce ke kawo ta. Wani likita John Snow ya bi gida-gida, ya sa alama a taswirar unguwar duk inda aka yi rashi, sai ga alamomin sun yi cincirindo kewaye da famfo guda na titin Broad. Ashe ruwan famfon ne ke yaɗa cutar, aka cire hannunsa don a daina ɗiba. Taswirar nan har yau ana koyar da ita, ku nemo ta ku duba yadda ba ta da kwalliya ko kaɗan.

Ni in ina ba da maki abu biyu nake fara dubawa. Alƙalumanku daga ina? NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, na fitar da rahoton kwalara, ku ɗauka daga can ku rubuta shekarar a ƙasa, ban da "an ce". Sannan in kun yi zanen nan mai kamar an yanka kankana ku tara kason ku ga ya ba da 100, na taɓa ganin wanda ya haura, kuma su biyar suka sa hannu a kai ba wanda ya lura. Tambaya kuwa wanda ya fi laɓewa a baya nake jefa wa.

Mai Shagon Firintin:
Abin da ke ba ni ciwon kai da ɗalibai ke nan, a waya abu ya yi kyau sai an buga a ga rubutu ruwan ɗorawa a kan fari ya ɓace ɓat, sai a ce injina ne. Rubutu baƙi a kan fari ko fari a kan kala mai duhu, kala uku ta isa. Duk hoton da kuka ga da alamar kambi a Canva na kuɗi ne, ku tsallake shi. Ku turo a PDF, hoton da aka tura ta WhatsApp kai tsaye dishi-dishi yake fitowa a babbar takarda ta A3. Kuma kar ku zo min da safiyar ranar, in ba wuta kuɗin janareta daban ne.

Ba Ruwana:
Ni dai kwali da maka sun fi min, ba data ba caji. Su biyun nan kuma ki rubuta a gurup cewa sunan wanda ya yi aiki kawai za a sa, ki ga yadda network ɗinsu zai dawo.

Ɗalibar Lafiya:
Hhh na rubuta, ɗaya har ya kira ni wai wayarsa ce ta faɗa ruwa. Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Mun tsaya a kan ruwan gishiri da sukari, amma mai Canva ya kafe sai an sa hoton ƙwayar cutar a tsakiya. Malam a bar masa ko a cire?