Taƙaitawar muhawararmu kan ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da juyin mulki

Jama'ar Gombe, ga abin da aka tattauna:

1. Kusan kowa ya yarda talaka ne ya fi jin takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 2023. Rufe iyaka da yanke wutar lantarki sun durƙusar da fatake, sojojin kuwa ba su gusa ba. Shawara: a riƙe asusun masu juyin, a hana su tafiya, abinci da magani su wuce.

2. A tsawatar wa masu tazarce, irin Alpha Conde na Gini, tun kafin soja su fito.

3. Kan amfani da ƙarfi aka rabu. Wasu sun kafa hujja da Gambiya a 2017, inda tura dakarun ECOWAS ya sa Shugaba Yahya Jammeh sauka bayan ya faɗi zaɓe, wasu suka ce barazanar amfani da ƙarfi kan Nijar ce ta tunzura Mali, Burkina Faso da Nijar suka fice daga ECOWAS a 2025.