Neman gurbin firamare a Ingila, shawarar iyaye

Ga abin da na tsinta daga iyayen da suka riga mu. A tura fom ɗin neman gurbi ga ƙaramar hukumarku kafin 15 ga Janairu ta wuce, wanda ya makara sai an gama da kowa. In masu nema sun yi yawa yaran da hukuma ke riƙonsu ake fara ɗauka, galibi sai mai ɗan'uwa a makarantar, sannan kusancin gida, kuma fa ajin ƙanana doka ta ce kar ya wuce 30 shi ya sa ɗaukaka ƙara in an hana yaro gurbi ke wuya. Don Allah kar ku rubuta makaranta ɗaya tak, ku haɗa da ta unguwarku. In ba ku samu zaɓinku ba ku karɓi wadda aka bayar, ku shiga layin jiran wadda kuke so.