Gardamar zaɓe ta shiga tsakanina da Baffa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin tuƙi a Jidda, ƙanin mahaifina ne ya samo min kafili. Duk Juma'a a gidansa nake cin tuwo. Makon jiya muna shan shayi sai aka tayar da zancen zaɓen 2023, Baffa ya ce ai a ɗaki aka zauna aka rubuta sakamakon. Ni kuma bakina bai yi shiru ba, na ce: "Baffa, in rubutawa aka yi, ya aka yi Obi ya kayar da Tinubu a Legas, Atiku ya ci Katsina jihar Buhari?" A gaban baƙinsa na faɗa. Ya ajiye kofi, ya ce sannu masani. Tun ranar ko saƙona ba ya buɗewa. Ya zan yi?

Ɗan Fagge, Makka: Hujjarka da ƙarfi, amma ba ta rufe zance ba. INEC ta yi alkawarin ɗora takardar sakamakon kowane akwati a shafinta na intanet, IReV, daga na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Ranar 25 ga Fabrairu na 'yan majalisa suka riƙa shiga, na shugaban ƙasa suka maƙale, aka ce tangarɗar na'ura ce. Wanda ya yi zargi a nan ba mahaukaci ba ne. Sai dai zargi daban, hujja daban. Ratar Tinubu da Atiku ta kai ƙuri'a miliyan 1.8, kuma kotu akwati-akwati take so a nuna mata. Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen a Oktoban 2023.

Wani ɗalibi a Madina: In Baffanka Bakano ne, ba 2023 kaɗai yake gani ba. Yana tuna zaɓen gwamnan Kano na 2019 da aka ce inkonkulusif ne, wato bai kammala ba, da rikicin da ya faru a mazaɓar Gama. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Hajiya, Shara Mansur: Ɗana, ku biyun nan akwai wanda ya dangwala ko ƙuri'a ɗaya? Mu na waje ba a ba mu damar zaɓe ba. Ba Legas ce ta ɓata masa rai ba, gyaran da ka yi masa a gaban mutane ne. Juma'ar nan ka sayi goro da turare, ka je tun kafin baƙi su taru, ka durƙusa ka ce Baffa na yi kuskure. Kada ka ƙara da "amma".

Ɗan Fagge: Hajiya, ai yaron gaskiya ya faɗa.

Hajiya: Ban ce ya janye ba. Cewa na yi ya je ya gaishe shi.

Mai tambaya: Na gode. Zan je in sha Allah. Baffan ɗan Kurna ne, kuma jar hularsa ta Kwankwasiyya na nan rataye a falo.